Fadamar da Haruna ya auna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana Haruna. Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ja da baya daga bakin kogin Binuwai, mutane na shirin dashen masakwa, dawar rani. Shekarar ta zo da zazzaɓi, kusan kowane gida a Jambutu akwai mai kwance, shi ya sa da ya kwanta ban tsorata ba. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye. Yanzu da ajin yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe alƙalami, na ga rubutawa ta fi faɗa sauƙi.

Karatun ƙasa ya yi. Da farko na zaci noma ake nufi, na ce to, za mu ci shinkafa. Ashe ba haka ba ne. Akwai wata fadama da na gada wurin mahaifina a gefen Bibemi, wurin da ruwa ba ya ƙafewa ko da rani, sai ciyawa da kwaɗi. Ba mu taɓa ɗaukarta dukiya ba. Nan Haruna yake zuwa duk hutu da wani dogon ƙarfe mai rami, ya murɗa shi cikin laka, ya zaro ƙasa baƙa wuluk. Wata rana ya ɗora mini ita a tafin hannu. Ba ta da nauyi kamar ƙasar gona, kuma da na murje ta sai ga zaren saiwa bai gama ruɓewa ba.

"Dada, wannan ciyawar ta girmi kakanki," in ji shi. Dada 'ya'yana ke kirana, wato uwa.

Ya ce abin da ke cikinta karbon ne, irin wanda ke cikin gawayi. Ciyawa ce ke zuƙo shi daga iska, in ta mutu ta faɗa ruwa, ruwan ya hana ta ruɓewa, sai ya zauna a nan. In aka janye ruwan, ƙasar ta bushe, sai ya koma sama ya ƙara wa duniya zafi. Aikinsa shi ne ya zuba abin da ya auna cikin kwamfuta, da yawan ruwan sama da zafin rana, ita kuma ta yi lissafin yadda fadamar za ta kasance nan da shekara ɗari ko ɗari biyu. Ya nuna mini layi biyu. Ɗaya yana hawa a hankali, na fadamar da aka bari da ruwanta. Ɗaya yana gangarowa.

Na ce, "Kai za ka ga shekara ɗari biyun?"

Ya yi dariya. "Ko kwamfutar ma kirdado take yi, Dada. Sai ana komawa ana aunawa, a gani ko ta yi ƙarya."

Tun da ya rasu babu wanda ya koma ya auna. Ƙarfen na nan a bayan ƙofar ɗakina.

Ina yawan tunanin abin da zai ce in ya ga wurin yau. Maƙwabtanmu na gabas sun haƙa lambatu sun janye ruwansu, sun shuka albasa. Da suka sa wuta don share ciyawa, yadda kowa ke yi kafin shuka, wutar ta cinye ciyawar ta mutu, amma ƙasar ta ci gaba da hayaƙi. Babu harshen wuta, hayaƙi ne kawai ke fitowa daga ƙarƙashi, har sati ya zagayo. Wasu suka ce aljanun wurin ne suka fusata. Ni na san ciyawar da ta girmi kakana ce ke ci. Gonar ta lotsa, in ka tsaya a iyakarmu kana ganin tasu ta yi ƙasa da tamu. Ina jin Haruna ba zai yi faɗa da kowa ba. Zai tsuguna ya taɓa tokar, ya koma ya gyara layinsa.

Yanzu ƙaninsa Nasiru ne ke son mu ma mu janye namu ruwan. Ban ga laifinsa ba. Shagon atamfarsa a kasuwa ya ja baya, ga yara biyar. Ranar da shekara bakwai ɗin ta cika, bayan an yi addu'a an watse, ya zauna kusa da ni da la'asar.

"Dada, na yi magana da leburori. Gobe za su fara lambatun."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Duk Bibemi ke kaɗai ke kiwon laka. Lissafin Yaya ba ya shiga tukunya."

Na ce, "Ka ɗauki tudunmu da ke saman fadamar, duka. Rijiya ta ishi albasa."

"Tudun bai kai rabin fadamar ba."

"Na sani."

Ya tashi bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba.

Na gaji, ba zan ɓoye ba. Na gaji da zama tsakanin ɗan da ke ƙasa da ɗan da ke neman abin ciyar da 'ya'yansa. Ban ma sani ba ko lissafin zai tsaya, tunda ruwanmu na tsiyayewa ta gefen maƙwabta ko mun haƙa ko ba mu haƙa ba. Haruna bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, kwamfutar ma ta daina kunnuwa. Abin da ya rage nasa shi ne layin nan mai hawa a hankali, shi kuma babu inda yake sai cikin lakar, muddin tana jiƙe.

Washegari na shiga motar Bibemi da tabarmata da ƙarfen Haruna. Na tarar leburori sun ja igiya inda lambatun zai fara, Nasiru na tare da su. Na gaishe su, suka amsa, na shimfiɗa tabarmar a kan igiyar na zauna. Babban cikinsu ya dubi Nasiru, ya jingine shebur ɗinsa.  Can Nasiru ya ce musu su hau tudu, su fara rijiya.

Da suka tafi na miƙa masa ƙarfen. Ban iya murɗa shi ba, hannuna ba ƙarfi. Ya tuɓe takalmi ya shiga lakar.