Jirgin Kaka a Cikin Baho

Ni na jawo kakana ya daina zuwa majalisarsu, gara in faɗa tun daga farko.

Kaka tsohon sojan ruwa ne, amma a Hayin Banki ya yi ritaya, inda ruwa mafi girma da muke gani shi ne kwatar bakin titi idan an yi ruwan sama. Lokacin yaƙin basasa ya yi aiki a wani jirgi mai kai sojoji gaɓar teku. Sau ɗaya ya ba ni labarinsa, a taƙaice. Ya ce jirgin ba shi da tsini kamar kwalekwale, gindinsa shafal yake kamar faranti, yana hawa kan yashi, sai ƙofar gabansa ta faɗo kamar bayan tifa, sojoji su bi ta kanta su sauka.

Ni kuwa labari ba ya fita bakina ba gishiri. Da na kai wa abokaina, jirgin ya riga ya haɗiye tirela goma. Kafin sati ya zagayo yana da ƙafafu, har ya taka ya shiga kasuwa. Yaran suka kai wa iyayensu, iyayen suka kai majalisar da tsofaffi ke zama bayan La'asar a ƙofar wani malamin allo. Wani tsohon ma'aikacin sakatariya, mai son zolaya, ya tambayi Kaka ko jirgin nasu na tsayawa a tashar Kawo ya ɗauki fasinja. Aka yi dariya. Kaka ya so ya gyara maganar, ya ce ai shi ta bayan jirgin ma yake aiki, wajen anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Dariyar ta ƙaru. Suka ce kowa ya san gaba ake ɗaure abu, ko jaki ba a ɗaure shi ta wutsiya, kawai dai mutumin ya samu wurin ɓuya ne.

Daga ranar ya daina fita. Daga masallaci sai ɗaki, sai rediyo. Ko tsokanar da muke yi, ya ce zai ƙwace mini budurwa, in ce ya fara nemo haƙora, ta tsaya. Mama ta ce mini tunda bakina ne ya ɓata, sai in san yadda zan gyara.

Na samo galan ɗin man gyaɗa na ƙarfe, na kai wa mai gyaran bokiti, muka ƙera jirgi. Da na kawo, Kaka ya juya shi sau biyu, ya ce wannan kwalekwalen masunta ne, domin mun yi masa tsini a gaba, irin na jiragen kogi. Ya ce a mayar. Sau uku ina komawa. Na ukun da kansa ya bi ni, ya tsaya a kan mutumin yana nuna masa da sanda: gindi shafal, ƙofa a gaba da ƙaramin patta irin na taga, a baya kuma a kafa abin naɗe zare na keken ɗinkin Mama. Ƙusa muka lanƙwasa ta zama anga. Har yau Mama na neman abin zarenta.

Ranar Asabar na ɗauki bahon wanki a ka, Kaka na biye da ni, muka nufi majalisa. Na tara yashi a gefe ɗaya na bahon, na zuba ruwa, na jera ƙwayoyin wake a cikin jirgin a matsayin sojoji. Kaka ya durƙusa da ƙyar. Tun jirgin na tsakiyar ruwa ya saki ƙusar ta baya ta kama ƙasa, sannan ya tura jirgin yana warware zare har ya hau yashi. Ƙofa ta faɗo, wake ya gangara. Sai ya ce wa mai zolayar nan ya mayar da jirgin ruwa, amma kada ya taɓa shi da hannu. Mutumin ya hura, ya kaɗa ruwa, ya jiƙa babbar rigarsa, jirgi na nan kafe.

Kaka ya kama abin zaren ya fara naɗewa a hankali. Jirgin ya motsa, ya zame da baya, ya koma ruwa.

"Aikina ke nan," in ji shi. "Shiga ba wuya, Alhaji. Amma ruwan teku janyewa yake yi, in ya janye kana kan yashi, nan za ka zauna ana harbinka. Kuma ba fanko muke komawa ba. Waɗanda suka sauka da ƙafafunsu, wasu a kwance ake dawo mana da su."

Ba wanda ya yi dariya. Malamin ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga waɗanda ba su dawo ba, muka shafa. Mai zolayar ya matsa gefe a kan tabarma, ya ce wa Kaka ya zauna, wurinsa na nan.

Ina tattara wakena na fara gaya wa wani yaro cewa igiyar ainihin jirgin ta kai daga nan zuwa Mando. Sandar Kaka ta sauka a ƙafata.

"Ja'iri," ya ce, "ɗauki bahon uwarka ka wuce gida."