Ranar da Muka Kai Inna Banki a Dutse

Shekara biyu na yi ina karɓar albashin da ba sunana ne a kansa ba. Sunan Inna ne, mahaifiyata, wadda take shara da wankin zannuwa a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can bayan Kiyawa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye a daidai lokacin da aurena ya mutu na dawo gida da yara biyu, sai kawai na ɗauki tsintsiyarta na ci gaba. Babu wanda ya rubuta komai. Malamin asibiti ya kau da kai. Ƙarshen wata kashiya ya zo da jakarsa, ya kafa tebur a gindin darbejiya, ya kira sunan Inna, in amsa, in dangwala yatsa in karɓa. Da shi muke ci, mu huɗu. Ni a ganina ban zalunci kowa ba, shara ana yin ta, har ta fi ta da.

Sai takarda ta zo cewa an daina biyan tebur. Kowane ma'aikaci ya je Dutse ya buɗe asusun karant, albashi ya riƙa faɗawa can kai tsaye. Kuma da ƙafarsa zai je, da hoto biyu, ya tsaya gaban wani jami'i da aka zaunar a cikin bankin don zaƙulo ma'aikatan bogi.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci ce, ko ina ka zauna hirar hukuncin ɓarawo ake yi. Ban san ko abin da nake yi sata ba ne a wurin alƙali, kuma ina tsoron in tambaya. Sai in tsinci kaina ina cikin wanki na tsaya ina kallon hannuna. Abinci ya daina shiga. Malamin asibiti kuwa, da na same shi, cewa ya yi, "Ni fa ban san komai ba." Mutumin da nake wanke wa kofin shayi kullum!

Kwana uku ina koya wa Inna abin da za ta yi. Ta ɓoye hannun a cikin mayafi. Ta riga kowa zama, kada a ga tafiyarta. In an ce tana aiki, ta ce e, kada ta ƙara komai. Ta saurare ni tana kallon bango, ta ce, "To."

Ƙanin babana ya samo mana mota. A hanya na ga kamar kowane ɗan sanda ni yake jira. Muka tarar da layi har bakin titi, malaman makaranta da masinjoji da leburori, kowa riƙe da fayil. Ban taɓa shiga banki ba sai ranar. Sanyin cikinsa ya sa haƙorana haɗuwa, ga zufa kuma tana bin bayana. Na rungumo Inna kamar mai yi mata raɗa, na ja ta har kan kujera.

Wata ma'aikaciyar banki ta cike fom ɗin, ta manna hoto, ta kama hannun Inna na hagu ta dangwala, ba ta ko ɗaga kai ba. Har na fara numfashi. Sai ta miƙa takardun ga jami'in da ke gefenta, wani dattijo mai tabarau a kan hanci.

Ya duba fayil, ya dubi Inna. Ya ce, "Inna, an bar gurbin magaji babu komai. In ta Allah ta kasance, wa zai karɓi abin da ke cikin asusun?"

Inna ta nuna ni da haɓa.

"Wace ce ita a wurinki? Yaya sunanta?"

Duk shirin da na yi ban tuna da wannan ba. Ni ce 'yar fari, Inna kuma Bafulatana ce ta gaske. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in baƙo ya tambaya ta ce 'yar mutanen gidan nan ce. Inna ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni 'yarta ce, sunana..."

Ya ɗaga mini hannu. "Ba ke na tambaya ba." Ya cire tabarau ya ajiye. "Jiya ma an kawo mini wata tsohuwa da aka ɗauko haya daga kasuwa, ba ta san sunan wanda ya kawo ta ba. Inna, kin san yarinyar nan kuwa?"

 Na ga wani ɗan sanda da ke bakin ƙofa ya juyo. Na dafa kujera, ina cewa a raina, Inna don girman Allah, kunyar nan ta mene ce yau? Haushinta ya kama ni kamar in girgiza ta.

Sai ta ɗago. Ta faɗi sunana, cikakke, da na babana. Bakin a karkace yake, amma kowa ya ji. Ta ce, "Ni na haife ta. Ita ce ta fari." Na ɗauka ta gama. Sai ta zaro shanyayyen hannun daga mayafi da ɗaya hannun, ta ɗora shi a kan teburin mutumin. "Ba haya aka ɗauko ni ba, kuma ba ɓarauniya na haifa ba. Shekara biyu ita take sharar. Ka je ka duba asibitin."

Dattijon ya daɗe yana kallon hannun. Bai kira ɗan sanda ba. Ya rubuta wani abu da jan biro a saman fayil ɗin, ya sa shi a wani tuli daban, ya ce a hankali, "Ku je gida, Inna. Allah ya ba ki lafiya."

Muka shiga mota, na zauna kusa da Inna. Ina so in yi mata faɗa, ina so in kwanta a cinyarta in yi kuka, ban yi ko ɗaya ba.

Ƙarshen wata kowa ya tafi Dutse ya dawo da kuɗinsa da littafin cek sabo fil yana nuna wa mutane. Sunan Inna bai fito ba. Malamin asibiti ya ce an ce za a yi mata ritaya, gurbin kuma sai abin da aka gani daga sama. Na dawo gida na auna gerom da ya rage, na ga ba zai kai mu Juma'a biyu ba.

Washegari da sassafe na ɗaura zane na fito. Inna tana zaune a bakin ƙofarta, ta ce, "Ke, ina za ki?"

Na ce, "Asibiti."

"Wa zai biya ki?"

Na ɗauki tsintsiya. Na je na share asibitin tas, har ɗakin malamin.