Guntuwar Igiyar Kaba

Ƙarar ce ta fito da ni daga ɗaki, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Wata siririyar ƙara mai rawa, irin ta ƙaramin jirgin sama, wadda rabona da jin ta tun muna cikin jihar Sakkwato. Ina ta ɗaga kai ina duban sama, sai na ji dariya a ƙarƙashin rumfa. Jikanyar ƙanwata ce da ta zo mana hutu daga Birnin Kebbi. Ta kife turmi ta ɗora kwamfutar ubanta a kai, ta riƙe wata 'yar sanda mai maɓallai, wai jirgi take tuƙawa.

"Ango, me kake nema a sama? Ga jirgin nan ƙasa."

Ango take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, duk da ta sha gaya mini ba za ta auri mai haƙora bakwai ba.

Na zauna ta koya mini. Ni da karatuna ya tsaya aji biyu, shi ma malamin ne ya je har gida ya roƙi Baba ya taimake shi ya ɗauke ni. Kafin azahar na faɗa gona, na faɗa kan dutse, sau ɗaya ma na sauka ƙafafun jirgin suna kallon sama. Da ta gaji da asarar jirage, sai ta sauya mini wani wasan. Jirage biyu ne. Na gaba mai inji, na baya mai dogayen fukafukai ba shi da inji ko kaɗan, an ɗaure shi da igiya ana jan shi har ya hau iska.

"Ka ga wannan maɓallin? In abu ya ɓaci, ka danna, igiya ta saku. Kuma ita kanta igiyar, da gangan ake sa mata wani guntu mai rauni. In ja ya yi yawa, shi zai tsinke, kada ɗayanku ya ja ɗaya ƙasa."

Na sunkuyar da kai har ta taɓa ni ta ga ko barci ya ɗauke ni. Ba barci ba ne. Kakana na tuna.

Mu mutanen bakin tafki ne, wajen Ngaski. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse Kwara a Kainji, an maido mu tudu cikin gidajen siminti. Gidajen tsohon garin sun narke, amma itatuwa ba su tafi ko'ina ba, suna nan tsaye a cikin ruwa. Kaka ya san su ɗaya bayan ɗaya. Muna tafe cikin kwale-kwale sai ya nuna ruwa da filafilinsa na tuƙi ya ce ga ɗorawar da ake shan inuwa, ga tsamiyar ƙofar gidan wane. Ni dai ruwa kawai nake gani. Sai ƙarshen bazara, in tafki ya ja baya, kawunan kututturan suke matsowa sama, wasu su leƙo, wasu su laɓe taki ɗaya ƙasa da fuskar ruwa.

A shekarun nan ne wani ƙaramin jirgi yake zuwa feshin tsuntsayen jan-baki da ke cinye shinkafa. Ƙasa-ƙasa yake bi, har muna hango kan matuƙin. Tun ranar da na gan shi na daina zama mutum. Na ɗaura faifan Inna biyu a hannuwa na diro daga kan rumbu. Faifan ne suka fi ni jin jiki, amma ni na sha dukan.

Sai Baffa, ƙanin Baba, ya sayo inji ya ɗaura wa jirginsa na ruwa. Ranar kasuwar Yauri shi yake jan kwale-kwalen Kaka a baya, don a huta da tuƙi. Igiyar jan doguwa ce, ta leda, shuɗiya, wadda ko sa ba ya tsinkawa. Amma Kaka bai taɓa yarda a ɗaura ta kai tsaye a goshin kwale-kwalensa ba. Sai ya tufka wata guntuwar igiyar kaba, tsawon kamu ɗaya, ya haɗa tsakaninsu. Da Baffa ya ɗan murɗa inji, iska ta fara busa mini kunne, goshin kwale-kwale ya fara ɗagawa, na fara jin kamar ga ni ga sama, sai ka ji ɗas, kaba ta tsinke. Mu tsaya muna lilo a kan ruwa. Baffa ya kewayo yana gunaguni, Kaka ya zaro wata daga aljihu ya ɗaura, ko a jikinsa.

Na yi nazari irin na masu aji biyu, na gano cewa tsufa ne ya hana Kaka sanin igiya mai kyau. Sai na ƙudura zan taimake shi.

Ana gobe kasuwa na yanko guntun leda daga tsohon tarun Baffa, na shiga bayan rumbu na yini ina naɗe shi da kaba, sili-sili, har ba ka ganin shuɗin ko kaɗan. In ka gan ta ka rantse tufkar Kaka ce. Na musanya ta da wadda ke goshin kwale-kwale. Da safe Kaka ya shafa ta da yatsu yadda ya saba, idonsa kuwa ya riga ya fara hazo, ya ce bismilla.

Ni ne a goshi, wurin matuƙin jirgin sama. Inna a tsakiya da kwandunan bandar kifi, ƙanwata goye a bayanta, ba ta fi wata goma ba, tana tsotsar bakin zane. Kaka a baya da filafili yana daidaita mu. Ruwa kwance lumui, ƙamshin banda da hayaƙin fetur suna dukan hanci.

Da muka yi nisa na kurma ihu: "Baffa, murɗa!"

Ya waiwayo ya ɗan murɗa. Igiya ba ta tsinke ba. Ya sake murɗawa. Shi ma fa lokacin saurayi ne, bai fi ni hankali da yawa ba. Goshin kwale-kwale ya ɗaga, ruwa ya rabu biyu fari fat, na buɗe hannuwa ina ƙarar jirgi da baki. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na ji Kaka yana kiran Baffa ya sassauta ba. Daga baya aka ce mini ya kira har sau uku.

Sai muka hau kututture.

Ji na yi kamar an daki ƙasan kwale-kwalen da taɓarya. Muka tsaya cak. A nan ne ya kamata kaba ta tsinke mu zauna lafiya a kan itacenmu. Ba ta tsinke ba. Fizgar ta kayar da Baffa cikin jirginsa, hannunsa ya bar inji, inji kuwa bai daina ja ba. Kwale-kwalenmu ya juya a kan kututturen ya ba da gefe, ya karkata, ruwa ya fara kwararowa ta baki kamar ana tuttule tulu. Kwando ɗaya ya tafi. Na ga ruwa ya kai wa Inna ƙugu, ƙafafun ƙanwata suna ciki, yarinyar ta ƙwala wata ƙara da har yau ban manta ba. Inna ba ta iya ruwa ba, 'yar tudu ce daga wajen Shanga. Kaka ya kwanta da dukkan nauyinsa a ɗaya gefen yana cewa, "Yanke! Yanke ta!"

Ni nake kusa da igiyar. Ka san abin da matuƙin jirgin saman ya yi? Ya rungume goshin kwale-kwale ya rufe ido yana salati. Wandona ma ya jiƙe, kuma na gode wa tafki da ya rufa mini asiri.

Inna ce ta rarrafo ta kaina, goyo a baya, wuƙar gyaran kifi a hannu. Ta sa wa igiyar wuƙa, kaba ta warware, wuƙa ta ci karo da abin da ba ta zata ba. Ta dinga gurzawa, tana gurzawa, gwiwarta a kan wuyana. Sai ɗas. Kwale-kwale ya koma ya zauna daram, ruwa rabi.

Kaka ya miƙo mini ƙwarya na hau kwarfar ruwa. Inna ta kwance goyo ta duba ƙanwata tun daga kai har tafin ƙafa, ta ba ta nono. Ni kuwa ban taɓa jin kukan yaro ya yi mini daɗi ba sai ranar.

Ba mu je kasuwa ba. Da muka fito gaɓa, Kaka ya zauna a kan yashi ya ɗauki guntuwar igiyar yana juya ta kusa da idonsa, shuɗin leda ya leƙo ta inda aka yanke. Ya daɗe yana kallo.

"Kai, wanga aiki ya yi kyau," ya ce. "Wanda yay yi wagga tufka yana da hannu. Ko ni ban iya ta haka ba. Ko wane gwani na?"

Kai mai karatu, da kai ne da ka yi shiru. Ni sai na ji ƙirjina ya buɗe, na ce, "Ni na, Kaka."

Marin Inna ya riga ni rufe baki. Baffa ya tafi neman reshen da zai zane ni da shi. Kaka ya ɗaga hannu ya hana shi.

"Bar shi. Ya iya mai ƙarfi. Yanzu shi koyi mai tsinkewa, ita ta fi wuya."

Daga ranar aka ɗora mini tufkar kaba. Kowace na gama, Kaka ya ɗaura ta a reshen mangwaro ya rataya da nauyinsa. In ta tsinke da wuri ya ce ta yi lalaci. In ta ƙi tsinkewa ya ce in je in tambayi ƙanwata ko ta yarda. Sai da damina ta wuce kafin na yi wadda ya karɓa.

Yau jiragen bakin tafki duk masu inji ne, wasu biyu-biyu. In na sauka mashigi na ga yara sun ɗaura leda da leda sun ƙulle tamau, nakan zaro kaba daga aljihu in miƙa musu. Yawanci dariya suke yi, su ce tsoho ya zo da layunsa. Wani lokaci ɗaya ya karɓa. Ban san inda Turawan da suka ƙera jirgin saman nan suka samo dabarar ba, Kaka dai ko Kontagora bai taɓa wucewa ba.

Amarya ta sake danna wasan ta ba ni sanda. Jirgin gaba ya fara gudu, igiya ta miƙe, nawa ya ɗan karkata hagu. Na danna maɓallin.

"Haba ango! Ko tashi fa ba mu yi ba!"

Ƙanwata tana bakin murhu tana juya tuwo, furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ƙyale shi ya saki," ta ce. "Ranar da ya ƙi saki, saura kaɗan babu ni, babu ubanki, babu ke."

Yarinyar ta dube ta, ta dube ni. Na sa hannu a aljihu na zaro guntuwar kaba na ɗaura mata a jikin sandar, na ce ta matsa in sake gwadawa.