Ruwan da Ke Cikin Waƙar Bature

A sakandaren da na yi a Safana, malaminmu na adabin Turanci mutumin Batsari ne, siriri, mai sanyin magana, kullum hannun rigarsa da farin alli. Ba ya dukan kowa. In ka ɓata masa rai sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, mu kuwa gara mana bulala da wannan.

Wata rana a farkon damina ya rubuta mana wata tsohuwar waƙar Turawa a allo. Maganar ruwa ce tun daga farko har ƙarshe: hadari ya rufe gari, ana ta yayyafi, wani mutum na zaune bakin taga. Ya fassara mana kalmomi masu wuya, sannan ya ce kowa ya rubuta halin da mai waƙar yake ciki.

Mu 'ya'yan manoma ne, a makon ma iyayenmu sama suke ta kallo. Duk ajin muka rubuta cewa mutumin murna yake yi, Allah ya ba su ruwa. Ni har na ƙara da cewa jira yake a ɗauke ya fita shuka.

Malam ya karanta amsoshin, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce shi ma bai taɓa zuwa ƙasar Turawan ba, amma an ce can rana ce ke wuyar gani, ruwa kuwa har ya gundure su. Bai ce mun faɗi ba. Tambaya ya yi, ko a cikinmu akwai wanda ruwa ya taɓa sa shi baƙin ciki.

Can wata yarinya 'yar garin Zakka, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ta ce wata shekara sun yanke gero, yana shanye a gona, ruwa ya dawo ya yi ta zuba har zangarniya ta fara tsiro. Babanta ya zauna bakin zaure yana kallon ruwan, ko tuwo ya kasa ci.

"To, 'yata, riƙe babanki a ranki," in ji Malam. "Ku kuma ku saurara."

Ya sake karanta waƙar a hankali, yana jan kowane baiti. Turancina bai ƙaru ba tsakanin karatun farko da na biyu, amma wannan karon na ji nauyin abin a ƙirjina.

Da Malam ya yi ritaya sai ya koma noma wajen ƙauyen Yasore. Bara na kai masa ziyara, na tarar idonsa ya yi rauni. Muka daɗe muna gaisawa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa aka ɗauko wani littafin waƙoƙi ya ce in karanta masa. Ban kai ƙarshen baitin farko ba ya taɓa gwiwata.

"Sauri kake yi, ɗana. Ina za ka?"

Na yi dariya, na koma farko.