Daren da Kaka Kumbo Ta Yi Tatsuniya da Hausa

A gidanmu na Aliero, in an gama girbi sanyi ya shigo, wutar Kaka Kumbo ce ke tara yaran unguwa. Da an idar da sallar lisha sai ka ga suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rungumo ɗan karan da ya tsinto, don dokarta ce: wanda ya zo hannu sake, bayan mutane zai zauna inda ɗumi ba ya kaiwa. Nasara bai daɗe da cin ƙasa ba a lokacin. Manya suna zaure suna ta zancen jangali da aikin hanya, mu kuwa ba abin da ya dame mu sai wa zai riga wani samun gefen Kaka.

Kaka Kumbo ita ta haifi innata. Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Maiyama. Ciwon shanu ya share musu garke, mijinta bai daɗe ba ya bi bayan shanun, sai ta dawo wurin 'yarta da ke auren babana, manomin albasa. Tana jin Hausa sarai, tana ma ciniki da ita har ta kwantar da mai wayo, amma tatsuniya kam ta ce ba za ta yi da Hausa ba. Wai Hausa ta awo ce da neman ragi, tatsuniya kuwa sai da bakin da aka yi mata ita tana yarinya.

To yaran unguwa ba mai jin Fillanci, nan aikina ya fito. Ina zama a gwiwarta ta dama. Sai ta faɗi guntu, ta taɓa ni da karan da take gyara wuta, ni kuma in juya wa yara da Hausa. Ba a yi mata ha'inci. In ta faɗi abin dariya ta ga ba wanda ya dara, sai ta kama kunnena ta ce na cinye rabin maganar a hanya, in koma in ɗauko. Ni ne ɗan fari, saboda haka innata ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni, kunyar Fulani ta hana. Duk Fillancin da ke bakina daga Kaka na same shi. Ita ke ce mini Dikko, in ta so tsokana kuma ta ce mai gidanta wanda ko akuya bai ajiye ba.

Ana nan sai dogarin hakimi ya zo ya ce an buɗe makarantar Nasara a Jega, kowace unguwa ta ba da yaro. Ƙuri'a ta faɗo kaina. Babana ya kasa cin tuwo. A kasuwa ya jiyo wai yaron da bakinsa ya rabu biyu, wato mai jin harshe biyu, ba ya ɗaukar karatun Nasara, wanda bai ɗauka ba kuma aikin hanya ake tura shi ya yi ta dakon ƙasa. Ba wanda ya san inda maganar ta fito, amma kowa ya yarda da ita. Babana ba ya iya tsayawa gaban surukarsa ya yi mata magana, sai ya kira innata, ina jin su.

"Ki hwaɗa ma tsohuwa, don Allah ta bar yi ma yaron ga Hillanci. Kai guda gare shi. In anka cika shi da harshe biyu, ina karatun za shi zamna?"

Innata ta kai saƙo. Kaka ta shige ɗakinta. Kwana da kwanaki wutar ba ta tashi ba, yara su zo da karansu su koma da shi. In na gaishe ta da safe sai ta amsa da Hausa, gajeriyar amsa irin ta baƙo. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, alhali gida cike yake da mutane.

Ana gobe za a tafi da ni, sai ga hayaƙi a ƙofar ɗakinta. Yara suka sheƙo. Amma ba ta zauna inda ta saba ba, ta juya ta fuskanci zanan da babana ke bayansa yana ɗaure buhunan albasa. Na matso gwiwarta, ta ture ni da kara. Ta ɗaga murya, da Hausa, abin da ba mu taɓa ji ba.

"Ga wata ta taso daga nesa."

"Ta iso, akwai wuri," muka ce, yadda muka saba amsawa in an buɗe tatsuniya.

Hausarta ta tatsuniya ta sha bamban da ta ciniki, tana tuntuɓe tana tashi, har ƙanana suka fara ƙyalƙyala. Ba ta kula su ba. Ta ce a da can agwagwa murya biyu gare ta, ɗaya ta tudu da take hira da kaji, ɗaya ta ruwa da take hira da kifi. In gulbi zai cika, kifi su gaya mata, ta zo ta ce wa kaji su kwashe ƙwai su hau tudu. In masunta sun fara gyaran koma, kaji su gani su gaya mata, ta je ta ce wa kifi su nutsa. Kowa na zaune lafiya. Shi kuwa zakara ba mugu ba ne, in ji Kaka, kuma ta maimaita wannan da ƙarfi. Tausayin agwagwa yake ji. Ya ce mata maƙogwaro ɗaya Allah ya ba ta, in ta ci gaba da cusa masa murya biyu wata rana zai tsage, gara ta zubar da ɗaya ta tsira da ɗaya. Agwagwa ta ga maganar mai sonta ce, ta je bakin gulbi ta tofar da muryar ruwa. Ta dawo ta kwanta. Muryar tudu ta farka ta lalubi 'yar'uwarta ba ta ji ta ba, sai ta sulale ta bi sawunta har cikin ruwa. Gari ya waye, agwagwa ta buɗe baki za ta gai da kaji, ba abin da ya fito sai iska.

"Ku tai ku saurare ta gobe," in ji Kaka. "Har yau huci takai. Muryoyin tagwaye na, zakara bai sani ba. Tatsuniya ta koma inda ta hito, ku kau ku koma ɗaki."

Ba wanda ke dariya yanzu. Bayan zana muka ji babana ya yi tari, shi ke nan. Bai janye maganarsa ba, da ita na tafi Jega.

An sauke ni gidan wani mahauci abokin babana a unguwar Magaji. Makarantar ɗakin laka ce, muna zaune a yashi muna rubutu da yatsa, malaminmu Malam Garba, dogo mai sanyin magana. Na kulle Fillancina kamar an rufe rumbu. Ko masu tallar nono na gani sai in sake hanya, kada gaisuwa ta kuɓuce mini.

Sai aka kawo Buba, ɗan wani arɗo, ƙaramin yaro da ko ruwa bai iya roƙo da Hausa ba. Ya ƙi ci, ya ƙi magana. Wata rana da hantsi na same shi bayan katanga yana kuka yana tambayar iska wa zai kai maruƙansa kiwo. Ban san lokacin da na durƙusa na amsa masa ba. Ya riƙe rigata ya yi ta zuba, ni ma na yi ta zuba, sai da na ga inuwa a kanmu. Malam Garba ne. Nan take na ga kaina da kwandon ƙasa a ka.

"Tun yaushe kaka jin Hillanci?"

"Tun ina ƙarami, Malam."

"To mi as sa ka ɓoye?"

Na gaya masa abin da aka gaya wa babana. Bai yi dariya ba. Ya naɗe rigarsa ya zauna a ƙasa tare da mu.

"Uwata Bazabarma ta," ya ce. "Na bari Zabarmancina ya zube. Yau in ta taso, gaisuwa kaɗai nika iya yi mata."

Kashegari ya tsayar da ni gaban yara ya ce su dube ni da kyau, abin da ke bakina shi malaminsu ba shi da shi. Ya zaunar da Buba kusa da ni. Ya kuma sa kowace Alhamis kafin a tashi in yi tatsuniya da Fillanci in juya ta da Hausa. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ba a jima ba wani Badakkare ya ɗaga hannu, sai wani Bazabarme, duk sun daɗe suna haɗiye nasu. Malam ya ba kowa ranarsa, in ka juya da kyau ya ce madalla gaban kowa, mu kuwa wannan madallar ta fi mana tsire.

Ran kasuwar Jega ya sa ni gaba har layin 'yan albasa, ya sami babana. Bayan gaisuwa ya dafa kaina.

"Cikin yarana, wanga shi af fi saurin ɗaukar karatu. Wani ya riga ni koya mai ɗaukar magana daga nan shi aje can ba ta zube ba. Wa na?"

Babana ya dubi albasarsa. "Surukata ta."

"To a gaishe ta. Ita af fara aikin, ni ƙarasawa nikai."

Da na dawo hutu na tarar da tulin itacen kirya a ƙofar Kaka, ba kara ba. Babana ya wuce ta tsakar gida, ya fuskanci katanga ya ce, "Sanyi ya yi yawa bana, a riƙa hura wuta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kaka ta dube ni ta sako Fillanci kamar an ɓalle madatsa, ta ce harshena ya yi tauri kamar ƙirgi, sai ta jiƙa shi.

Shekaru kaɗan bayan haka ta kwanta ciwon ajali. Tsufa ya kwashe mata Hausar kaf, ko gaisuwa ba ta gane ba. Babana ya zo neman gafara kamar yadda ake yi. Ya tsaya a bakin ƙofa, innata na ciki ta rufe fuska, ba za ta iya shiga tsakanin mijinta da uwarta ba. Ni na zauna a dokin ƙofa. Ya faɗa na shigar, ta faɗa na fitar. Can sai ya sunkuyo ya ce in koya masa yadda ake cewa ta yafe masa da bakinta. Na koya masa, ya faɗa a karkace. Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce in gaya masa ta yafe, kuma zakara ya yi ƙoƙari.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar kan wautar agwagwa take. Da na girma na ga ashe kan masu sonmu take, waɗanda tsoro ke sa su rage mana abin da muka zo da shi. Ni ma aikin malanta na yi har na tsufa, kuma duk yaron da aka kawo mini, kafin in tambayi sunan ubansa sai na tambaye shi da wane harshe kakarsa ke yi masa faɗa. Wasu su sunkuyar da kai, sai in zauna a ƙasa in jira. Don na sani, da Malam Garba bulala ya ɗaga ran nan a bayan katanga, da babana ya tsaya a ƙofar nan da maganarsa a baki, ba mai shigar masa da ita.