Dokta Kwana-Uku

Duk layin Dokta suke kiransa, alhali ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa leƙawa ba. Kemis gare shi, ɗan shago mai kanta biyu da fanka mai kuka. Shekara talatin yana ƙulle wa mutane ƙwayoyi a takarda, ja da fari da ɗorawa, kuma dokarsa ɗaya ce: maganin da ya yi aiki a kwana uku ya gama aikinsa, wanda bai yi ba jabu ne.

Da ciwon kai ya kama shi, sai da ya kusa shanye rabin shagon kafin wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a bayan kanta. A asibiti aka ce cutar daji ce a ƙwaƙwalwa, irin mai saurin nan. Aka yi tiyata. Likitar, wata 'yar siririya da ya raina tun ganin farko, ta ce sauran aikin na abu biyu ne tare: gashin wurin ciwon da na'ura sati shida, da ƙwaya kullum ba fashi, don ƙwayar ce ke sa gashin ya ci ciwon sosai. Dokta ya yi murmushi, wai ashe su ma haɗi suke yi.

Gashin bai dame shi ba. A ɗaure masa kai da wata raga, ya kwanta kamar gawa minti goma, ya fito yana kushe injin, wai ƙararsa ta fi aikinsa. Ƙwayar kuwa, kwana uku cif ya sha. Ya ji garau, sai ya kai kwalbar shago ya jera ta kusa da maganin tari, ko wani zai buƙata.

Matarsa ce ta gano, ranar da ta je share shagon. Sai da suka je gaban likita, ta dire kwalbar a tebur. Kwana goma sha ɗaya ya tsallake.

Ko kunya babu, Dokta ya ce ai da sauƙi, a ba shi ruwa ya haɗiye su gaba ɗaya. Likitar ta ce in ya gaji da duniya ne, to. Ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ko an haɗa biyun daidai, lokaci ake ƙara masa, ba warkewa ba. Za a ci gaba daga yau, amma waɗancan kwanakin sun tafi.

A nan tsoro ya kama shi, na gaske. Ya juya wajen matarsa yana neman wasan da zai yi, bai samu ba.

Ta ɗauki kwalbar ta jefa a jakarta. "Malam, kwanakin nan ba naka ba ne kai kaɗai," in ji ta. "Da nawa a ciki, kuma ba ka tambaye ni ba."