Sunan Da Ake Kiranta A Gida

Ni mutuniyar Bunguɗu ce. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Shekara ashirin na yi ina girkin biki da suna, daga Bunguɗu zuwa Gusau har Tsafe, ba a taɓa neman ko ludayi a hannuna ba. Ku yara masu waya a hannu, da ku nake.

Da na sayi babbar waya, matan da nake wa girki suka riƙa sa ni a guruf ɗinsu. Ban iya karanta abin da suke rubutawa ba, amma ina da ido, ina da kunne. Mace za ta ɗora hotonta a ƙofar gida, ita kwalliya take nunawa, ni kalar ƙyaure nake kallo. Wata rana wata ta turo murya, "Mun tafi Ruwan Ɓore gaisuwa, sai jibi." Da rana tsaka na je gidan, na ce wa tsohuwar da aka bari an aiko ni ɗaukar tukunya. Na fito da atamfa uku a cikinta. Ba wanda ya tambaye ni. Sai na sake, na kuma sake.

Mai sayen kayan a wurina wani ne a tashar Gusau, Dogo ake ce masa. Ran nan ya dube ni ya ce, "Inna, ke da ke shiga gidajen manya, atamfa kaɗai kike gani?" Na gane nufinsa sarai. Ban tashi na bar wurin ba.

A Tsafe akwai Hajiya Rabi, matar wani dillalin hatsi, ni na yi girkin sunan ɗanta na goye. Tana da ɗiya 'yar shekara shida mai sunan uwar mijinta, Hauwa'u. Kun san mace ba ta kama sunan surukarta, don haka a cikin gida Iyan-Mada ake ce wa yarinyar, tunda tsohuwar 'yar Mada ce. A Islamiyya Hauwa'u aka san ta. Uwar ta ja mata kunne kada ta bi kowa sai na gida. To da me yaro ke gane na gida? Da sunan da aka kira shi.

Ko ni da na shiga gidan ban ji sunan nan ba. A waya na ji. Hajiya Rabi ta ɗora bidiyon yarinyar da koren hijabinta a ƙofar makaranta, tana guɗa tana cewa, "Iyan-Mada tawa ta kai Sabbi!" Ranar Laraba kuma ta ɗora hotonta a mota da murya, "Mun kama hanyar Gusau ganin likita, a sa mu a addu'a." Mata suna ta amin, ni ina neman mayafina.

Da aka tashi makaranta da la'asar ina tsaye a gefen ƙofar Islamiyyar. Na ce, "Iyan-Mada, taho. Mamanki na asibiti, ta ce in kai ki." Ta dube ni, ta ce, "Ke 'yar gidanmu ce?" Na ce, "In ba haka ba wa ya faɗa mini sunanki?" Ta miƙo hannu da kanta. Har yau ina jin ɗumin hannun nan. A bakin titi na danƙa ta ga Dogo da ke jira a mota, tana waige tana tambayata ko ba zan shiga motar ba.

Kwana goma sha tara ta yi a daji. Sai da uban ya sayar da gonarsa aka sako ta.

Ni ma waya ce ta kama ni. Wata ta taɓa ɗora bidiyon bikin sunan ɗan Hajiya Rabi, ga ni a bayan mata ina juya tukunya. Malamar da ke tsaron ƙofar Islamiyya ta gani ta ce, "Wannan ce." Alƙali ya tambaye ni wa ya ba ni sirrin gidan. Na ce ba kowa, uwar ce ta faɗa wa duniya, ni na tsinta. Hajiya Rabi na zaune, na ga ta rufe fuska.

Na yi shekaruna a gidan yari, na fito da furfura da ciwon gwiwa. Na tuba ga Allah, ban san ko ya karɓa ba. Na tafi Tsafe neman gafara, Hajiya Rabi ba ta bar ni na wuce zaure ba. Ta ce, "Je ki, na bar ki da Allah. Amma ki sani, har yau in aka ce Iyan-Mada, ƙarƙashin gado take shiga. Mun daina kiran sunan a gidan nan."

To ku ji. Kada ku raina ƙaramar sata, tawa da atamfa ta fara. Ku kuma masu ɗora komai a waya, ku bar nuna ƙofar gidanku da makarantar ƙannenku. In za ku yi tafiya, ku bari sai kun dawo ku faɗa. Sunan da ake kiran yaro a ɗaka, ku bar shi a ɗaka. Cikin masu ce muku masha Allah akwai irina. Ni ma sai da na tura wa Hajiya Rabi amin kafin na fita.